Na Je Gidan Fir'auna: Kallo Ne Ko Izina?

A wannan watan ba zan yi maka sharhin fim ba, sai ka yi haƙuri. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga ƙasar Masar, na ga gara in amayar da ita a nan, tunda da kai na saba hira.

A watan Janairu na 2024 na raka Baffana, wan mahaifina, birnin Alƙahira za a cire masa yanar ido. Da aka yi wa idon dama aiki, sai likita ya ce a jira kwana goma kafin a taɓa na hagu. Muka koma masauki muka zauna zaman jira. Allah ya haɗa mu da wani tsohon almajirin Baffa da ke karatu a Azhar, ya ɗauke mini fiye da rabin hidimar, har na rasa abin yi sai kallon silin. A rana ta uku, bayan mun sha shayin safe, na gyara zama na ce, "Baffa, ina neman izini in je Luksor, kwana biyu in dawo."

Ya ce, "Ina ne kuma Luksor? Me ka ajiye a can?"

Na ce masa gari ne a kudancin ƙasar, inda tsofaffin gidajen bautar Fir'aunoni suke. Ya yi shiru, ga auduga da filasta a ido ɗaya, ya dube ni da ɗayan da ba ya gani sosai. Can ya ce, "Wato ɗan nan, mutane suna tara kuɗi su je ɗakin Allah, kai kuma ka tara naka ka je ɗakin gumaka?"

Baffa ba mutum ne mai magana da ka ba. Ya tuna mini cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bi ta kufan Samudawa, mutanen Annabi Salihu, a kan hanyarsa ta zuwa yaƙin Tabuka, ya gargaɗi sahabbai kada su shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai in suna kuka, shi kansa kuma ya lulluɓe kai ya ƙara sauri har ya wuce wurin. Sai ya ce, "To kai kuka za ka je yi, ko hoto?"

Ni ma na kawo tawa. Na ce ai Alƙur'ani a wurare da yawa ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Na ce Fir'auna sarauta ce, kamar mu ce sarki, an yi su da yawa cikin kusan shekara 3,000, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunan na zamanin Annabi Musa (AS) ba. Na ƙara da cewa sahabbai sun ci Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi wajen shekara ta 640 Miladiyya, ga shi har yau gine-ginen suna tsaye. Baffa ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ban hana ka ba. Amma in ka dawo zan tambaye ka abin da ka samo."

To, mai karatu, tsakanina da kai babu ɓoye-ɓoye. Duk waɗannan hujjoji da na jera, a baki kawai suke. Abin da ya ja ni fim ne. Tun ina yaro na ga Shah Rukh Khan da Kajol suna waƙa a gaban dalar Giza cikin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, na sa Masar a raina. Daga baya na ga James Bond yana laɓe-laɓe da ƙaton nan mai haƙoran ƙarfe a tsakanin wasu manyan ginshiƙai cikin The Spy Who Loved Me na 1977, na ga an turo dutse daga saman irin waɗannan ginshiƙai a Death on the Nile na 1978, na bincika aka ce wurin sunansa Karnak. Lokeshin na so in gani. Na ari ayar Allah na rufe kwaɗayin kallo da ita, kuma na san Baffa ya gane.

Shi ya sa tambayarsa ta bi ni har cikin jirgin ƙasa. Daga Alƙahira zuwa Luksor ya haura kilomita 600, tafiyar kwana guda ce cur, daga dare zuwa safiya. Na kasa barci ina juya maganar. Shin ya dace mutum ya biya kuɗi ya je ya yi sha'awar abin da masu bautar gumaka suka gina? In abin ya burge ka, ka yi laifi? In kuma ka ce izina ka je ɗauka, ta yaya za ka san ba yaudarar kanka kake ba? Kada ka ce wannan matsalar masu zuwa Masar ce kaɗai. Kai da ka taɓa zubar da hawaye a fim ɗin wani jarumi alhali ka san halinsa na banza ne, ke da kika kwana karanta littafin marubucin da ba za ki so ƙaninki ya yi koyi da shi ba, duk mun taɓa tsayawa a wannan mararraba.

Da hantsi na isa Karnak. Kafin ka shiga sai ka bi ta tsakanin layi biyu na gumaka masu jikin zaki da kan rago, sannan ka ratsa wata ƙatuwar ƙofa. Haikalin, wato gidan bautar, na wani abin bautarsu ne da suke kira Amun, kuma ba sarki ɗaya ya gina shi ba. Kimanin sarakuna 30 ne suka yi ta ƙari a kansa cikin shekara wajen 2,000, kowa ya hau mulki sai ya ƙara ƙofa ko ginshiƙi ko gunkin kansa. Ɗan jagoranmu, wani Bamisire mai fara'a, yana gaba yana bayani, ni da wasu Turawa da 'yan Caina muna biye.

Sai muka shiga zauren ginshiƙai. Wallahi gani ya kori ji. Ginshiƙai 134 ne na dutse, 12 na tsakiya kowane ya kai mita 21 a tsayi, kaurinsa kuwa sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su kewaye guda. Tun daga ƙasa har sama an sassaƙa musu rubutu da hotuna, a wasu wuraren ma fentin yana nan, ja da shuɗi da ɗorawa, bayan fiye da shekara 3,000. Sarki Seti na ɗaya da ɗansa Ramsis na biyu su ne suka ƙawata shi. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na ji na zama ɗan mitsitsi, kamar tururuwa a gindin kuka, bakina ya furta "Allahu akbar" ba tare da na shirya ba.

Bayan na ɗan natsu sai aikina ya motsa. Duk wanda ya san fim ya san dabarar nan: in darakta yana son ka ji tsoron bos, sai ya sauke kyamara ƙasa ta dube shi daga ƙafa zuwa kai. Kai ɗan kallo sai ka ji kamar kana durƙushe a gabansa. To abin da maginan Karnak suka yi ke nan, da dutse. A da zauren a rufe yake, haske ba ya shigowa sai ta wasu tagogi can sama. Kana ƙara shiga ciki, daɓe yana ƙara tudu, rufi yana ƙara saukowa, duhu yana ƙaruwa, har a kai ɗakin gunki wanda ba mai shiga sai sarki da manyan masu hidimar bauta. Talaka kuwa iyakarsa waje. Ƙanƙantar da na ji ba haɗari ba ne, an tsara ta ne tun kafin a haifi Annabi Isa (AS) da fiye da shekara 1,200, kuma ga shi ta kama ni, ni da nake taƙamar na san dabarun darakta.

Wannan shi ne rami na farko da ɗan yawon buɗe ido yake faɗawa. Ya ga girman gini, sai girman ya zarce zuwa ga mai ginin a zuciyarsa, ya fito yana cewa, "Kai, mutanen nan sun yi mulki!" Ya manta cewa wannan kalmar ita ce ribar da sarkin ya zuba dukiyar ƙasa don ya samu. A nan na fara ganin gaskiyar Baffa. Zuciya ba ta da linzami mai ƙarfi, abin da ya cika mata ido shi take girmamawa.

Muka wuce zuwa bakin wani tafki da masu bauta suke wanka a da. Kusa da shi akwai gunkin buzuzu na dutse a kan wani ɗan dogon turmi. E, buzuzu dai da ka sani, mai mirgina kashin shanu. Mutanen da suna alaƙanta shi da fitowar rana. Na tarar da mutane suna kewaya shi suna dariya, wasu riƙe da hannun juna. Ɗan jagora ya ce wai in ka zagaya sau bakwai buƙatarka za ta biya, mai neman aure ya samu, mai neman haihuwa ta samu. Ya dube ni ya ce in gwada, ai wasa ne. Na ce a'a. Ban yi wa kowa wa'azi ba, na dai koma gefe na zauna. Ni na san gini ɗaya tak da ake kewayawa sau bakwai, kuma ba zan ara wa buzuzu wannan ba ko da wasa. A wurin na gane cewa akwai iyaka tsakanin duba abu da shiga cikinsa, kuma iyakar ba a bakin ƙofar da ake yankar tikiti take ba, tana cikin abin da ƙafarka da zuciyarka suka yarda su yi bayan ka shiga.

Da la'asar sakaliya na tafi ɗaya haikalin da ke tsakiyar gari a bakin Kogin Nilu, wanda ake kira haikalin Luksor. Tsakaninsa da Karnak akwai tsohuwar hanya mai kusan kilomita 3, jere da gumaka dama da hagu, wadda aka gama tonewa aka buɗe a 2021. A ƙofarsa akwai wani dogon dutse mai tsini guda ɗaya. Da biyu ne, ɗan'uwansa yana tsaye a wani dandali a birnin Faris tun 1836, Muhammad Ali Pasha mai mulkin Masar a lokacin ya ba Faransa kyauta.

A jikin katangar ƙofar nan na ga fim mafi tsufa da na taɓa yi wa sharhi. Ramsis na biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ya sa an sassaƙa labarin yaƙin da ya yi da Hittiyawa a Kadesh, cikin ƙasar Siriya ta yau, wajen shekara ta 1274 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ga shi nan a kan karusa, ya fi kowa girma ninkin-ba-ninkin, yana harbi da baka, abokan gaba ƙanana suna zubewa cikin kogi. Labarin ya nuna rundunarsa ta watse ta bar shi, shi kaɗai ya tarwatsa dubbai. Kai ka ce fim ɗin Indiya ne na da, inda jarumi ɗaya zai daki mutum hamsin rigarsa ko ƙura ba ta yi ba. Shi ne furodusa, shi ne jarumi, kuma ya sa an maimaita fim ɗin a bangon gidajen bauta da dama, har da Abu Simbel can kudu.

Amma me ya faru a zahiri? An yi masa kwanton ɓauna, da ƙyar ya sha, kuma bai ci garin Kadesh ba, ya ci gaba da zama a hannun Hittiyawa. Bayan kamar shekara 15 ɓangarorin biyu suka yi sulhu a rubuce, kuma rubutun sulhun yana nan a jikin wani bango a Karnak. Ka ga ke nan dutse ma yana ƙarya, in mai kuɗi ne ya biya masassaƙi. Wanda ya je wurin nan da ido kawai, an nuna masa fim ya ɗauka labarai ne.

Sai dai akwai rami na biyu, kuma shi ya fi kama irinmu. Ina tsaye ina yi wa Ramsis dariya a zuci, sai na ji wani daɗi yana shiga ta: ga maƙaryaci, ga mushriki, ga shi ya tafi ya bar komai, mu kuwa Allah ya shirye mu. Ana cikin haka aka kira sallar magariba, kuma kiran daga cikin haikalin ya fito. Na san za ka yi mamaki. A cikin farfajiyar da Ramsis ya gina akwai masallaci, na Shehu Abul Hajjaj, wani bawan Allah da ya rayu a ƙarni na 13, kuma har yau ana salla a ciki. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne yawancin haikalin, shi ya sa da aka tone wurin sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama kamar taga. Kafin masallacin ma coci aka yi a gurbin. Na zagaya ta ƙofar da ke fuskantar gari na hau na yi alwala na bi jam'i.

Bayan an sallame na zauna ina tunani. Da ɗazun da nake jin ƙanƙanta a gaban ginshiƙi, da yanzun da nake jin fifiko a kan matattu, wanne ne izina? Babu ko ɗaya. Ban zaɓi gidan da aka haife ni ba, ban zaɓi zamanin ba. Da an haife ni a garin nan shekara 3,000 da suka wuce, wa ya ba ni tabbacin ba ina cikin masu jan dutse ina yi wa sarki kirari ba? Kukan da aka umarci sahabbai su yi a kufan Samudawa, dalilinsa tsoro ne kada abin da ya sami waɗancan ya same su. Wato mai kukan yana ganin kansa a cikin waɗanda aka halaka. Wanda ya tsaya a kan kufai yana jin ya fi masu shi, ya yi nesa da wannan kukan kamar yadda mai ɗaukar hoto yana dariya ya yi nesa da shi.

Washegari da sassafe na hau jirgin fito na haye yammacin kogi. Na fara da haikalin Hatshefsut, macen da ta yi sarautar Masar kimanin shekara 20, wanda aka gina hawa uku a gindin wani tsauni. A bango da yawa sai ka ga siffar mutum an bi ta da kurfi da guduma an farfashe, saura inuwarta kawai. Ita ce. Shekaru bayan mutuwarta, a zamanin ɗan mijinta Tutmos na uku, aka bi hotunanta da sunanta ana kankarewa, a wasu wuraren aka sa sunan wasu sarakuna maza a gurbin. Ramsis na biyu ma ya shahara da sa sunansa a kan gumakan da waɗanda suka riga shi suka sassaƙa. A wurin mutanen nan suna shi ne rai na biyu, in an goge sunanka an sake kashe ka. Abin bai tsaya kansu ba. A jikin duwatsun za ka ga sunayen Turawa matafiya na ƙarni na 19 da suka kankara da wuƙa, kuma a 2013 an yi ta surutu a duniya kan wani yaro ɗan yawon buɗe ido da ya rubuta sunansa a jikin wani zane a haikalin Luksor. Daga sarki har yaro, ciwon ɗaya ne: a san na zo.

Daga nan na wuce wani wuri da ake kira Dairul Madina, wanda ba kowane ɗan yawon buɗe ido yake damuwa da shi ba. Kufan wani ɗan ƙauye ne mai gidaje wajen 70, ƙanana, a manne da juna kamar lungunan cikin birni. Nan ma'aikatan da suke haƙa kaburburan sarakuna suna yi musu zane suka zauna da iyalansu. Ba bayi ba ne, albashi ake biyansu da alkama da sha'ir. Sun bar rubuce-rubuce masu yawa a kan fasassun tukwane da ɓallin duwatsu. A cikinsu har da rajistar waɗanda ba su zo aiki ba da dalilansu: wane kunama ta harbe shi, wane yana ciwon ido, wane mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Da na ji na ciwon ido sai Baffa ya faɗo mini a rai. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku, da aka yi jinkirin biyansu hatsi, mutanen nan suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a jikin gidajen bautar sarakuna suna cewa yunwa suke ji. Masana suna lissafa shi a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce.

A ƙauyen nan na sami amsar rabin tambayata. In zane ya burge ni, hannun da ya yi shi nake yaba wa, da Wanda ya halicci hannun ya ba shi basira. Sarki bai taɓa riƙe guduma ba. Kyan aikin na irin waɗannan mutane ne, masu ciwon ido da bashin hatsi, ƙaryar da ke cikinsa kuma ta mai biyan kuɗi ce, kuma mai hankali yana iya raba su. Haka muke yi a fim kullum. Kana iya yaba wa mai ɗaukar hoto da mai tace fim, ka kuma ce saƙon fim ɗin guba ne. Amma faɗa mini gaskiya, yaushe rabon da ka tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim? Da jarumi ya rungumi nasara sai mu kashe, mai riƙe fitila da mai dafa wa 'yan lokeshin abinci ko oho.

Ɗaya rabin amsar kuwa ba ta yi mini daɗi ba, don a kaina ta faɗo. A shekarun baya ni da wani abokina, wanda muka yi kwalejin kimiyya da fasaha tare, mun rubuta labarin fim. Gaskiyar magana ƙashin labarin nasa ne, kuma shi ya rubuta yawancin maganganun, ni gyara na yi na kuma kai wa furodusa. Da fim ya fito sai ga sunana ni kaɗai. Furodusa ya ce kuskure ne, za a gyara. Ban sake bin maganar ba. Mutane suka yi ta yaba mini, ina amsawa da "sai godiya". Abokina bai taɓa ce mini uffan ba, ya dai rage zuwa wurina har ya daina. Shekara da shekaru na binne abin, ina gaya wa kaina ai ba ni na goge sunansa ba. Ina zaune a kan wani dutse a Dairul Madina, da hoton bangon Hatshefsut a wayata, abin ya taso mini. Tutmos da guduma ya yi nasa, ni da shiru na yi nawa. Bambancina da Ramsis shi ne shi yana da ƙasa da masassaƙa, ni kuwa fim ɗaya Allah ya ba ni iko a kai, kuma a kan wannan ɗayan na yi abin da ya yi.

Ka ga, mai karatu, mun saba in an ce Fir'auna sai mu hango wani can, mai mulki ko mai kuɗi. Ba ma hango maigidan da ke cinye guminsa na yaran shagonsa, ko marubuciyar da ta kwashe labarin ƙawarta ta sa sunanta, ko mai sharhin fim irina. Alhali abin da ya gina Karnak yana cikin ƙirjin kowa: son a gan ka babba, son sunanka ya daɗe, ko da za a danne na wani. Su dai sun sami dama ne suka yi shi da dutse mai mita 21, shi ya sa nasu ya fito fili har ana biyan kuɗi a kalla.

Don haka ga inda na tsaya, kuma ra'ayina ne na ɗan kallo, fatawa tana wurin malamai. Zuwa irin wannan wuri jarrabawa ce. Wani zai je ya dawo da girman Fir'auna a ransa, wani ya dawo da girman kansa, wani ya dawo da hotuna ɗari uku ba abin da ya taɓa shi. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya dawo da wani abu da zai gyara a rayuwarsa. Kuma ba a gane wannan a bakin ƙofa lokacin shiga, don kowa yana iya cewa izina ya je ɗauka, kamar yadda na ce. Sai an dawo gida ake ganewa.

Daren da na koma Alƙahira na kira abokina. Na daɗe ina kame-kame kafin in faɗi abin da ya sa na kira. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya wuce." Daga muryarsa na san bai gama wucewa ba, kuma ba ni da ikon in matsa masa. Na nemi furodusan ya gyara sunan a kwafin da ke intanet. Na so in rubuta sunan abokin nawa a wannan shafi da manyan baƙaƙe, ya ce kada in kuskura, shi ba ya son surutu. To na dai faɗa a gaban masu karatu: labarin nan nasa ne.

Baffa bai tambaye ni komai ba sai da aka buɗe masa ido na biyu. Ranar da ya fara gani tangaran, ya ce in miƙo wayar. Ya daɗe yana kallon hoton zauren ginshiƙan, yana matso da shi kusa da fuska. Ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan, kuma babu ko ɗaya da ya saura ya ce nawa ne." Sannan ya ajiye wayar ya ce, "To, ka yi kukan?"

Na ce, "Ban yi ba, Baffa."

"Me ka yi?"

Na ce, "Kunya na ji." Na kwashe labarin abokina na gaya masa.

Ya jinjina kai ya ce, "To da sauƙi. Ni dai ko kyauta aka ce in je ba zan je ba, abin da ka tafi nema can ina ganinsa a maƙabartar unguwarmu. Amma tunda kai sai da ka yi tafiyar kwana guda a jirgi kafin ka gani, Allah ya sa ka riƙe."

Har yau ban sami abin da zan mayar masa ba, don ina jin ya fi ni gaskiya. Wasu zukatan kabari ɗaya ya ishe su, wasu kuma, irin tawa, sai an nuna musu a babban allo. In Allah ya kai ka Luksor wata rana, ka shiga Karnak ka ɗaga kai, ka bar buzuzu inda ka gan shi, ka haye kogi ka gai da kufan ma'aikata. In kuma ba ka samu zuwa ba, to yau da dare in fim ya ƙare ka daure ka bar sunayen nan su wuce har na ƙarshe.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.